Ƙyallen Aina'u

Ranar da Ramlat ta fara ganin Zubair, da masifa suka gaisa. Tana dawowa daga niƙa ta hangi adaidaita sahu a ƙofar gidan su marigayiya Aina'u, an lulluɓe buhunan gyaɗa da wani bargo. Tana gane bargon ta dire robar garin.

"Kai malam! Wa ya ce ka rufe gyaɗa da wannan?"

Saurayin ya juyo yana murmushi. "Tsumma ne na tsinta a ɗaki. Ina wuni?"

"Tsumma? Wallahi ba ka da kirki!"

Ta fizge bargon ta rungume, idanunta suka kawo ruwa. Shi kuwa gogan naka ya saki baki yana kallonta har ta sha kwana.

Aina'u aminiyar Ramlat ce, zazzaɓi ya ɗauke ta da daminar bara. Duk ƙauyen nan na bayan Minjibir babu gidan da bai ci moriyarta ba. Ita ce ke bin gida-gida tana roƙon ƙyalle ɗaya-ɗaya, ta tara mata da yammacin Juma'a su haɗa su da allura da zare, a yi wa kowace amarya bargo. Ko gidajen da ba sa gaisawa sai ta ɗinke ƙyallensu gefe da gefe tana dariya. Wannan da aka rufe gyaɗa da shi na Ramlat ne. Aina'u ta fara shi tun babu ko manemi, ta sa ƙyallen zanenta ruwan ɗorawa a tsakiya, ta rasu ba ta gama ba.

Zubair ɗan ƙanen mahaifin Aina'u ne, a Ungogo ya tashi, bai san komai a kan wannan ba. Da ya ji labari ya nemo lambar Ramlat, ya tura mata saƙo.

"Assalamu alaikum. Ni ne mai laifin ɗazu. Ki yafe mini, Masifaffiya."

Ta mayar: "Kar ka ƙara kira na da wannan sunan."

"To, Masifaffiyata."

Ta yi tsaki, amma ba ta goge saƙon ba. A haka aka fara. Kafin a gama girbin dawa, duk wanda ya ji ƙarar adaidaita da la'asar ya san wurin wa aka zo.

Mahaifinta, Malam Mati, ya ce sam. "Yaron da ke wuce dattawa yana danna oda ko sannu babu? Bai san kowa ba, kowa bai san shi ba. Ga Kamaruddeen mai shago nan yana ta aiko gaisuwa, ki yi tunani."

Zubair ya rasa yadda zai nuna shi ma mai hankali ne, sai ya yi shawara da zuciyarsa, shawarar banza kuwa. Ya lallaɓa ya karɓi bargon a hannun Inna, mahaifiyar Ramlat, ya kai wa wani tela a birni ya ƙarasa ɗinkin. Shi kuma telan, don gwaninta, ya farke duk ƙyallayen da suka koɗe ya zuba a shara, ya sa sababbin atamfofi masu sheƙi.

Zubair ya shimfiɗa shi a zaure yana washe baki. "Ga tukuicin haƙurinki, 'yar lelena."

Ramlat ta duba tsakiyar bargon. Babu ruwan ɗorawa.

"Ina ƙyallen Aina'u?"

"Ai ya tsufa, shi ne..."

"Ya tsufa! Innalillahi! Zubair, wa ya aike ka? Abu ɗaya da ta bar mini da hannunta, shi ka kai aka watsar a bola? Kayanta duk an bayar sadaka, ko zare bai saura ba. Ɗauki bargonka na 'yan birni ka fita!"

"Ramlat, don Allah ki saurare ni."

"Baba ya yi gaskiya, ba ka san kowa ba. Fita na ce!"

Ya koma wurin telan a guje, aka ce an ƙone sharar tuni. Ya yi ta turo saƙo, shiru. Daga ƙarshe ya rubuta: "Ba ni da bakin kare kaina. Zan yi abin da Aina'u take yi, ko da za a kore ni daga kowane gida."

Haka kuwa aka yi. Ya ajiye adaidaita, ya bi gari da ƙafa, yana durƙusawa a kowane zaure yana faɗar ɓarnar da ya yi. Ya sha faɗa iya shansa. Wata tsohuwa sai da ta sa shi ya sussuke mata gero kafin ta yago masa bakin zane. Amma duk gidan da ya shiga sai an zaunar da shi an ba shi labarin Aina'u, yadda ta yi jinyar wance, yadda ta sasanta wane da matarsa. Sau da yawa da jajayen idanu yake fitowa.

Gidan Malam Mati ya bari a ƙarshe. Ya same shi a ƙofar gida ya dawo daga gona, ya durƙusa ya ajiye ƙullin ƙyallayen.

"Baba, saura naku."

Malam Mati ya harare shi. "Yau ka ga ƙofar gidan ke nan? To na Aina'u fa?"

"Shi ne na rasa, Baba. Shi kam ba zan iya dawo da shi ba."

Ramlat tana bayan ƙyaure tana ji, haushi da kuka sun cika ta.

Dattijon ya cire rigar nomansa ya juya cikinta. A ƙasan aljihu akwai maho, ɗan ƙyalle ruwan ɗorawa.

"Ranar da ƙaya ta yaga mini riga, Aina'u tana gidan nan. Ban roƙe ta ba, ta yago zanenta ta yi mini." Ya ɗaga murya. "Ramlat! Na san kina nan laɓe. Kawo reza."

Da kansa ya farke mahon, a hankali, ya ɗora a tafin hannun Zubair. "Ka ba ta. Kuma ka ce wa manyanka ina jiran su."

Ramlat ta karɓa tana share hawaye. "Har yanzu fa ina fushi da kai."

"Na sani, Masifaffiyata. Ki taho da fushinki gidana."

Juma'ar da ta biyo baya mata suka cika tsakar gidan su Aina'u da allura da zare, karo na farko tun rasuwarta. Suka haɗa sabon bargo da hannu, suna hira suna yi mata addu'a. Bayan an ɗaura aure, da shi aka raka amarya, tsofaffi suna ta sa albarka: Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya jiƙan Aina'u. A tsakiyar bargon ga ɗan ƙyalle ruwan ɗorawa, bai fi tafin hannu ba, Ramlat ce ta ɗinka shi da kanta.