Ranar Da Karas Ya Ɗauko Likkafaninsa

"Cire zoben nan, Yustina! Na ce ki cire shi!"

Yustina na durƙushe a gaban tanderu tana fito da gurasa, ba ta ko ɗago kai ba. Tun da babban azuminmu na Kirista ya kama, da wannan maganar uwarta ke buɗe baki kowace safiya.

"Mama, zoben baiko ne, a coci a gaban Abuna aka sa mini shi. In cirewa ce, sai a gabansa."

"Ji ta! Yayanki na cikin ƙasa, ke kina nan kina lallaɓa zoben wanda ya kashe shi. Anya ni na haife ki?"

"Birki ne ya tsinke, Mama, kowa ya sani..."

"Rufe mini baki!"

Gaskiyar yarinyar ne, kowa a ƙauyenmu ya sani. Rofa'il, yayan Yustina, da Karas, saurayinta, aminai ne tun suna yara, kuma tare suke aikin fasa farin dutse a hayin kogi. Karas ke tuƙa motar ranar da birki ya ƙi a gangare. Shi ya tashi da karyayyiyar ƙafa, Rofa'il bai tashi ba. 'Yan sanda sun sallami Karas, amma a wajenmu sallamar hukuma daban, ta dangi daban. Uwarsu, Ummu Rofa'il, ta ƙi karɓar gaisuwar mutuwa, kuma gidan da ya ƙi gaisuwa jini yake nema. Baffa Fanus, ƙanin marigayi mijinta, ya sauko da bindigarsa ya shafe ta da mai. Karas ya gudu wani gidan sufaye a cikin hamada.

Tsohuwar ta daina zuwa coci, ta rame, barci ya ƙaurace mata. Yustina kuwa kuka biyu take yi, na yayanta a fili, na Karas a bayan ɗakin kaji. Sai ta je coci ta zauna shiru a gaban giciye take samun numfashi. Abuna Bakhum, limamin cocinmu, ya taɓa ce mata, "'Yata, Ubangiji bai hana ki kuka ba, shi ma ya yi. Abin da ya hana ki shi ne fid da rai."

Ana cikin makon ƙarshe na azumi wayar Yustina ta yi ƙara. Karas ne.

"Yustina, ranar Idi ina zuwa gidanku da likkafanina."

"Ka haukace? Baffa zai harbe ka! Da wannan ɗingishin naka ko gudu ba za ka iya ba!"

Ya yi 'yar dariya. "Ai shi ya sa na daina gudun. Na yi ta roƙon Allah ya kashe ni, ya ƙi, sai ya ba ni kwanciyar rai. Ina so Mama ma ta samu, ko da raina ne kuɗinta."

"Ni fa? Ka tuna da ni?"

"Ke na fi tunawa. Yi mana addu'a."

Safiyar Idin Tashin Almasihu ƙararrawar coci ta cika gari, ƙamshin nama na fitowa daga kowane gida ban da na su Yustina. Can sai titi ya yi tsit. Ga Karas tafe, ba takalmi, ba hula, ya shimfiɗa farin yadi a kan hannayensa biyu, da wuƙa a kai. Haka mai laifin jini ke yi a wajenmu: ya kawo wuyansa, masu jini su yanka ko su yafe. Abuna na binsa a baya, rabin gari na bin Abuna.

Baffa Fanus ya tare ƙofa da bindiga. Ummu Rofa'il ta ture shi ta fito cikin baƙaƙen kayanta. Yustina ta biyo ta.

Karas ya durƙusa da ƙyar. Kowa na jiran ya fara roƙo. Shi kuwa ya ɗaga kai, hawaye shaɓe-shaɓe, ya yi mata gaisuwar ranar.

"Mama, Almasihu ya tashi."

To, fa! Wannan gaisuwar ba Kirista da ke barinta ta faɗi ƙasa, ko maƙiyi ne ya yi ta. Tsohuwar ta cije leɓe, ta kau da kai, ta sake juyowa. Tun tana goye take jin amsar, bakinta ya riga fushinta.

"Haƙiƙa... haƙiƙa ya tashi."

Sai ta tsaya cak, kamar yau ta fara jin abin da ta faɗa. Ta dafe ƙirji.

"In ya tashi, ai Rofa'il ɗina ma zai tashi! Abuna, zai tashi ko?"

"Zai tashi, Ummu Rofa'il."

Ta fashe da kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Ta ɗauke wuƙar ta wurgar, ta rungume kan Karas tana dukan bayansa. "Ɗan banza, ka bar ni ni kaɗai! Kai ma ai ɗana ne!" Ta waiwaya. "Fanus, ajiye ƙarfen nan, kana tsorata yara."

Baffa ya jingine bindigar, yana share ido da hannun riga wai ƙura ce. Mata suka ɓarke da guɗa, Yustina na dariya tana kuka, ba ta san ma wanne take yi ba.

Ku da kuke cikin wahala, ku ji: haƙurin Yustina bai dawo da yayanta ba, kuma har gobe Ummu Rofa'il na hawaye in ta tuna ɗanta. Amma wanda ya san kabari ba shi ne ƙarshe ba, yana iya kuka kuma ya yafe, ya kwanta ya yi barci. Wannan ita ce salamar da Almasihu ke bayarwa, kuma a tsakiyar wahalar yake ba da ita.

Da Abuna ya miƙa hannu zai karɓi likkafanin, tsohuwar ta fizge shi, ta murza yadin tsakanin yatsunta.

"Wannan auduga mai kyau za a ba ƙasa? Yustina, kira mini tela. Rigar ango za a ɗinka."