Rigar da Aka Ba Direba

"Wallahi ba zan ba ɓarawo 'yata ba! A mayar musu da goronsu!"

Muryar Malam Sama'ila ce ta cika gidan, har Ikilima ta saki muciya cikin tukunyar tuwo. Ana gab da ɗaurin aurenta da Hafizu, ga abin da ya ɓullo!

Mahaifin nata maɗinki ne a bayan rijiyar Kusugu. Damina guda ya kwashe yana yi wa wata babbar riga surfani da hannu. Hafizu, mai sayar da kaya ta intanet, ya ɗora hotonta a shafinsa, wani ɗan Abuja ya biya da katin banki, riga ta tafi. Kwatsam marar tsoron Allahn nan ya kai ƙara bankinsa wai bai ga riga ba, kamfanin biyan kuɗi kuwa ya zare kuɗin tas daga asusun Hafizu.

Ikilima ta laɓe a bakin zaure. Hafizu na durƙushe.

"Baba, na yi komplen har na gaji. Sun ce kariyar da suke ba mai sayarwa tana da iyaka. Sai kaya sun bi ta kamfanin aike mai ba da rasit, an kai adireshin mai saye, ya sa hannu. Mu kuwa—"

"Ku kuwa me? Ba kai ka ce kuɗin intanet ba sa ɓata ba? Ka cinye, ka zo kana min turanci!"

Hafizu ya sunkuyar da kai, bai ƙara ba. Shirun nan ne ya ƙona zuciyar Ikilima. Kunyar suruki za ta sa ya haɗiye sunan ɓarawo? Ina! Ta faɗa zauren, ta zube, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba, ka gafarce ni. Ni na naɗe rigar nan. Hafizu ya ce zai kai ta kamfanin aike a Katsina, ka ce asarar kuɗi ce, a ba Munzali direba a tasha, ɗan gida ne, amana ta fi takarda. Munzali ya miƙa wa ɗan Abujan a bakin titi, ko hoto bai ɗauka ba!"

"Ke! Ubanki kike ƙaryatawa?" Inna Shatu ta daka mata tsawa daga tsakar gida.

 Sai a lokacin Malam ya lura da ƙafafun Hafizu, buɗu-buɗu da ƙasa.

"Kai, ina babur ɗinka?"

"Na sayar a kasuwar Zango, Baba." Ya ajiye ƙunshin kuɗi a gefen tabarma. "Gumin damina ne, ba zai tafi a banza ba."

Malam ya daɗe yana kallon ƙunshin, kunya ta rufe shi. Can ya tura shi da ƙafa, yana harare-harare.

"Je ka karɓo abinka, sakarai. Da me za ka kai min riga ta gaba Katsina?"

Kuɗin riga dai ba su dawo ba, amma an ɗaura aure a ranar da aka sa. Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romo, kuma kafin ka kira wani ɓarawo, duba bakin da ya ba da umarni. Yanzu ko hula Malam zai aika, sai ya ce a kawo masa rasit ya gani da idonsa.