Manemi Daga Tsibirin Biyoko

Motar da ta taso daga Matankari ta maƙale a rairayi, ana hangen dutsen Dogon Dutsi, daidai lokacin da ruwan farko na shekara ya tsuge. Fasinjoji suka firfito suna hamdala, wata tsohuwa har da guɗa. Zalika ta tara hannuwa tana dariya, ruwa na bin mayafinta.

Mutum ɗaya ne ya ƙi fitowa, wani siririn saurayi rungume da jaka. Ya leƙo ta taga, ya ja ɗan tsaki.

"Nan ma?" ya ce.

Zalika ta juyo a fusace. "Malam, ruwan da aka yi ta roƙo a masallatai kake ma tsaki?"

Ya dube ta, ya manta abin da zai faɗa. Sai can ya ce, "Astagfirullah. Ki yi mini uzuri. Inda na fito, sai a yi sati wando bai bushe ba."

Sunansa Mu'awiya, tela ne ɗan Matankari, amma sana'arsa tana Malabo, a tsibirin Biyoko. Ita kuwa malamar labarin ƙasa ce a wata sakandare ta Dogon Dutsi, iyayenta makiyaya ne a Sukukutane.

"Biyoko?" ta ce, fushin ya gudu. "Na sha nuna wa ɗalibaina shi a taswira. Ɗan ɗigo ne kusa da Kamaru."

"Ɗan ɗigon nan tsatsarsa ta cinye mini keken ɗinki."

Kafin a turo motar ta tashi, ta yi masa tambayoyi har ya rasa wadda zai fara amsawa. Kafin su shiga tasha, lambarta na cikin wayarsa.

Damina ba ta yi nisa ba ya tura manyansa Sukukutane. Mahaifinta, Malam Shu'aibu, ya shimfiɗa musu tabarma, ya sa aka dama fura, ya saurare su har ƙarshe.

"Yaron ba ya da aibi," ya ce. "Amma ƙasar da saniya ba ta iya zuwa da ƙafa, ba ni kai ɗiyata. In ta yi kuka, ta ina zan bi?"

Haka Mu'awiya ya koma Malabo ba tare da amsa mai daɗi ba. Abin da ya rage musu sai waya.

Ya rubuto mata: "Malamata, yau ma babban dutsen tsibirin nan ya ɓuya cikin gajimare. Gari duk yana ƙarƙashinsa, amma sai a daɗe ba a gan shi ba. Ruwa tun asuba. Yadin da na ajiye miki na naɗe a leda don kada fumfuna ta kama shi. Ina kewarki."

Ta mayar masa daga ofishin malamai: "Ɗan tsibirina, nan ruwa ya ɗauke, gero ya fara lanƙwasa kai. Baba kullum idonsa na gabas. Da ana aiko ruwa a waya, da na ce ka turo mana rabin naku. Ka sha magani, kada sauro ya raina ka."

Wata rana ya turo mata hoton bakin teku, yashin baƙi ƙirin, ayaba ta sauko har gaɓa. Ta daɗe tana kallo. Kyan wurin ya ja ta, faɗin ruwan kuma ya ba ta tsoro. Ita da ba ta taɓa ganin abin da ya wuce tafki ba! Ta kasa zama, ta kasa gyaran takardun yara. Har a aji ta kira Madagaska da Biyoko, ɗalibai suka yi ta dariya.

Ana cikin haka Rabilu ya matso. Ɗan ƙanwar mahaifiyarta ne, mai shagon wayoyi a bakin kwalta, kuma kowa a gida yana sonsa.

"Ni ga ni ga ki," yakan ce. "Ba teku, ba jirgi."

Sai saƙonnin Mu'awiya suka tsaya cak. Ta kira, waya a kashe. Ta rubuta: "Lafiya? Ko kalma ɗaya ce ka ce mini." Shiru. Ta sake: "Mu'awiya, ba na iya cin abinci." Shiru.

Rabilu ya zo da hoton da wani abokinsa ya turo daga can. Ga Mu'awiya zaune a baranda, wata mace ta ba da baya tana miƙa masa kwano, hannunta ɗaya a goshinsa.

"Ni ban ce komai ba," in ji Rabilu. "Idonki ya gani."

Zalika ta tafi Sukukutane a bayan babur ɗin ɗan kabu-kabu, tana kuka iska na share mata hawaye. Ta ce wa mahaifinta ta haƙura, ya ba ta wanda ya ga dama. Malam Shu'aibu ya dubi yadda ta rame, bai ji daɗin nasarar ba ko kaɗan. Ya aika aka kira ƙanensa Usman, falken shanu da ya saba kai kaya kudancin Nijeriya.

"In ka sauke shanunka, ka ƙetara ka gano mini wurin nan da idonka. Da yaron."

Baffa Usman ya daɗe. Zalika ta koma aiki, kullum kunnenta na tasha. Ana cikin girbi ya dawo, ya rame shi ma, gida ya taru a kansa.

"Yaya, kada ka sake aike na kan ruwa," ya fara. "Na yi amai har na yi wasiyya. Ƙasa ce tsaye, ba kwance ba. Daga bakin ruwa sai hawa, kurmi kan kurmi, har ka kai inda sanyi ke kama haƙori. Ruwan sama kuwa ba ya sallama, kana tsaye da rana sai ka ji shi a ƙeya. Ciyawa ta fi ni tsawo, wallahi na yi ta tuna shanunka."

"Yaron fa?" Zalika ta katse shi, ta manta da kunya.

"Zazzaɓin sauro ya kusa kai shi. Wayarsa kuma ruwa ya shige ta. Matar hoton na gan ta, mai gidan da yake haya ce, ta girmi innarki. Ita ta yi jinyarsa, ni ma ta ɗura mini romon kifi." Ya juya wajen yayansa. "Akwai unguwar Hausawa, akwai masallaci, limamin ya san shi. Yaron na kwance yana rawar sanyi, yana tambayata ko Zalika ta ci abinci."

Rabilu ya miƙe ya ce ya bar shago ba kowa.

Baffa Usman ya miƙa mata wayarsa. Saƙon Mu'awiya na ciki: "Sanyin idona, ban gudu ba, faɗuwa na yi. In Baba ya ce in baro tsibirin, zan baro. Ke ce ba zan iya bari ba."

Ta karanta a fili. Sannan ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ina tsoron ruwan nan. Amma ina son in je."

Malam Shu'aibu ya ajiye carbinsa. "Ki gama shekarar lakwal tukuna, sai makaranta ta ba da hutu. Kuma duk shekara a kawo mini ke."

An ɗaura auren a Sukukutane, hutun makaranta na kamawa. Da aka shafa fatiha, Malam Shu'aibu ya kira su ɗaki su biyu. Ya ɗora hannu a kan ɗiyarsa.

"Allah ya yi muku albarka. Ya kai ku lafiya, ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya mai jin ƙai."

"Amin, Baba," suka ce tare.

Sai tsohon ya laluba aljihu, ya zaro sabuwar waya mai babban gilashi, ko ledarta bai ɓare ba. Ya miƙa wa Mu'awiya yana kawar da kai don kada a ga idonsa.

"Zo nan, ɗana. Nuna mini inda ake dannawa in ga fuskarta."