Maki Arba'in da Biyu

Ranar da ya fara ganinta kuka take yi. Tana zaune a matakalar cibiyar lesin, ta duƙunƙune takardar gwaji a hannu, shi kuwa yana durƙushe a baranda yana shimfiɗa tayil, da tef ɗin awo rataye a wuya.

"Baiwar Allah, yi haƙuri ki ɗaga ƙafa, simintin bai bushe ba."

Auta ta janye ƙafa ba ta ko dube shi ba. Takardar ta suɓuce ta faɗi gabansa. Ya goge hannu a wando ya ɗauka. Arba'in da biyu cikin ɗari, an zagaye da jan biro.

"Lissafi ne?"

"Wata biyar ke nan ya ƙi motsi, kamar an kafe shi da ƙusa," ta ce. "Sittin ake nema."

Sau biyu tana zama jarrabawar shiga jami'a, sau biyu lissafi na mayar da ita gida. Abba ya riga ya yanke hukunci, wannan ne na ƙarshe. In ta sake faɗuwa, ta manta da karatun haɗa magunguna, ta zo ta tsare masa shagon yadi. Saura mako bakwai.

Mai tayil ya bi takardar da yatsa har ƙasa.

"Ke fa kin iya lissafi. Tambaya hamsin ce, ashirin da shida kika taɓa, ashirin da ɗaya daidai. Sauran ko kallonsu ba ki yi ba. Kina tsayawa kokawa da tambaya ɗaya kamar ta zagi iyayenki."

Dariya ta kufce mata a tsakiyar kuka. Sai a lokacin ta ɗago ta kalle shi, gabanta ya faɗi.

Daga ranar, duk lokacin hutu suna kan bencin da ke bakin ƙofa. Shi ke riƙe agogon waya. Tambayar da ta haura minti ɗaya da rabi, a tsallake ta, a dawo mata daga baya. Ya sa ta buɗe littafi na musamman, kuskurenta kawai take rubutawa ciki da dalilinsa. Gwaji na gaba ta ci arba'in da shida, na bayansa hamsin da biyu.

Tana fitowa ta tura masa saƙo: "Injiniyana, ya motsa! Hamsin da biyu!"

Ya amsa: "Likitata, saura tambaya huɗu kacal. Ni kuwa tambaya ɗaya ce a bakina, na tsallake ta sai kin gama jarrabawa."

Ta karanta ya fi sau goma, ta kife wayar a ƙirji.

Malamin lesin ɗinsu ya daɗe yana mata tayin darasi ita kaɗai, tana zillewa. Da ya ga inda hankalinta ya karkata, sai ya wanke ƙafa ya je gaida Abba a shago.

Tana shiga falo da yamma ta tarar da fuskar Abba a murtuke.

"Karatu na tura ki ko hira da lebura? Abin da malamai uku suka kasa, mai kwaɓa siminti ne zai yi?"

"Abba, ka duba makina, wallahi ya ƙaru."

"Kar na sake jin kin zauna da shi. Na gama magana."

Washegari ta tarar an kammala barandar, ba mai tayil ba kayan aikinsa. Ta kira, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, sai ta tura masa saƙo.

"Injiniya, ko laifi na yi ka faɗa mini. Saura mako uku. Kar ka bar ni a tsakiyar ruwa."

Shiru. Ta ce a ranta ashe dama tausayi ne kawai, aikinsa ya ƙare ya kama gabansa. Gwajin makon nan ta ci arba'in da huɗu. Ta shige ɗaki ta haɗa kai da gwiwa, abinci ma ya gagara.

Kwana biyu Umma na kallonta, a na uku ta kasa daurewa. Ta shigo ta tura ƙofa, ta zaro wani littafi daga ƙarƙashin mayafi.

"Abbanki ne ya je har wurin aikinsa ya sa shi ya yi alkawarin ba zai kula ki ba sai an gama. Yaron nan ya riƙe alkawari, amma ya biyo ni kasuwa da wannan. Na ɓoye don tsoron faɗa. Karɓi, kar ki mutu a hannuna."

Tambayoyi ɗari biyu ne da rubutun hannunsa, duk irin waɗanda ke kayar da ita. A shafin farko ya rubuta: "Ban tafi ba. Saita agogo ki fara."

Ta share hawaye ta jawo tebur.

Ranar jarrabawa tambaya ta uku ta tsaya mata a wuya. Zufa ta karyo mata, lambobin suka fara iyo a kan allon kwamfuta. Ta runtse ido, ta ce bismillah, ta tsallake. Lokacin da aka ce a tsaya, ta taɓa duka hamsin.

Da sakamako ya fito yayarta ce ta buɗe, don Auta ta kasa riƙe wayar.

"Sittin da shida! Autar Umma, sittin da shida!"

Abba ya karɓi wayar, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. Umma ta ajiye masa littafin a cinya. Ya buɗe shafi bayan shafi. Can ya yi gyaran murya.

"Wanda na wulaƙanta, ya riƙe mini alkawari, kuma bai yar da 'yata ba. Auta, ki ce masa ina nemansa, ya zo da manyansa."

Sharaɗi ɗaya Abba ya kafa, karatu ba zai tsaya ba. Mai tayil ya ce ko shi ne zai kai ta aji kullum, ya yarda.

An ɗaura aure a hutun ƙarshen shekararta ta farko. Da za a tafi da ita, Abba ya kama hannunta.

"Na so na tsaya muku a hanya, Allah bai nufa ba. Ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Auta ta faɗa jikinsa tana kuka, falon ya ɗauka da amin.