Iyakar Gonar Arzika

Ana shirin kiran magariba a Badariya, Laure tana kwashe tuwon shinkafa, dutse na farko ya faɗo tsakar gida. Jiƙe yake da baƙar laka irin ta fadama, alhali kwana tara ba a yi ruwa ba. Na biyu ya fasa randa. Ta leƙa lungu, babu kowa.

'Yarta Jannatu ce ke zana taswirar gonakin wata ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu, har da gonar ubanta. Ta sha yi wa uwar bayani cewa taswirar ba hoto ba ce. Ɗigo-ɗigo ake aika wa wayar manomi, burauzar wayar, wato manhajar buɗe shafin intanet, ta haɗa su da layi, ta cike cikin da kore, kuma duk sanda aka matso ko aka ja baya sai ta sake zanawa. Da manoma suka koka shafin yana nauyin buɗewa, Jannatu ta sa kwamfuta ta rage ɗigon kowace iyaka. Shafi ya yi sauƙi, aka yi ta sa mata albarka.

Kwana uku ana jifa, kullum da faɗuwar rana. A na huɗu Laure ta tarar da Jannatu zaune tana jan yatsa a kan tebur, layi ɗaya miƙaƙƙe, har fatar ta saɓule. Da ta buɗe baki, muryar wani tsoho ce ta fito.

Mijin Laure, Arzika, ya ɗauko Malam Izzuddeen daga Nasarawa. Malam ya daɗe yana karatu kafin jikin yarinyar ya fara karkarwa.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Maƙwabcin ubanta. Tun kakan kakanai muke cikin gurbin ruwan da ke gabas ga gonatai. Kowane mai huɗa na kauce muna. Bana tarakta tat taka muna ɗiya."

Arzika ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Layin taswirar waya direban taraktar ya bi."

Nan Laure ta gane. Iyakar gonar lanƙwasa take yi ta kewaye gurbin. Ɗigo bakwai ke riƙe da lanƙwasar, kwamfuta ta ɗauke su rara, ta miƙe layin.

"Mi kaka so?" in ji Malam.

"Ita."

"Ba ka samun ta. Kuskure ne, ka ji tsoron Allah."

"Kuskure! Ko laka ba ta taɓa takawa ba, ta share mu daga bisa kujera. To, a ba ni gonar duka, in sake ta."

Malam ya dubi Arzika. Laure ma ta dube shi. Arzika ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Har ladan ya gama kiran isha'i bai ce a ba da gonar ba.

Malam ne ya ƙara ƙarfin karatu, har muryar ta koma nishi.

"Gurbinku kaɗai, da taku goma kewaye da shi. Ka amsa ko ka ƙone."

"Na amsa. Amma hannun da yas share, shi ka maidawa."

Jannatu ta yi atishawa uku, ta zube a jikin uwarta. Washegari ta tafi Argungu, ta shiga laka har gwiwa, ta auna gurbin, ta mayar da ɗigo bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya.

Jifa ya tsaya, yarinya ta warke, shinkafa ta yi kyau bana. Amma tun daga ranar, Laure a bakin ƙofar Arzika take ajiye masa tuwo, ta juya.