Tawada a Farcen Kaka

Ranar Juma'a Malama ta koya wa 'yan aji huɗu dokokin zaɓe.

Ta ce, "Sai mai kati ke jefa ƙuri'a, kuma sau ɗaya tak. Wanda ya jefa, sai a shafa masa tawada a farce don kada ya sake dawowa."

Auta kuwa ba ta jin abu ta bar shi ya kwana. Tana isa gida ta ɗauko alƙalamin da Baba ke rubutu da shi a jikin buhuna, mai tawadar da ba ta wankuwa. Ta naɗa kanta malamar zaɓe. Ta shafa wa 'yartsanarta. Kyanwa ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Sai ga Kaka yana sharar barcin rana, hannu a miƙe. Ta lallaɓa ta shafe masa farcen ɗan yatsa, tana ƙunshe dariya.

Washegari ita ta ja masa gora zuwa rumfar zaɓe, don idonsa ya yi rauni. Sun daɗe a layi, rana na dukansu.

Jami'in zaɓe ya karɓi katin Kaka. Ya dubi hannunsa, ya zare ido.

"Baba, ai ka riga ka jefa!"

"Ni? Yaushe?"

"Ga tawada nan a farcenka."

Wuri ya kaure da salati.

Wata mata ta riƙe baki. "Tsoho da furfurarsa, zai jefa sau biyu?"

Kaka ya kai yatsan dab da idonsa. Ya ce, "Shekarata saba'in, ba a taɓa kira na maha'inci ba."

Ɗan sanda ya fara matsowa. Auta ta dubi Kaka. In ta yi shiru, ba wanda zai sani. Amma mutuncin Kaka fa?

Ta fashe da kuka. "Ni ce! Wallahi ni ce! Yana barci na shafa masa. Wasan zaɓe nake yi."

Jami'in ya buɗe rajista, ya bi sunaye da yatsa. Ya ce, "Gaskiyarta. Ba a yi wa sunansa alama ba. Baba, yi haƙuri, bismillah."

Kaka ya jefa ƙuri'arsa. Aka shafa masa tawada ta gaske.

A hanya Auta ta ce, "Kaka, ka yafe mini."

Ya dafa kanta. "Na yafe, malamar zaɓe. Amma ki riƙe wannan: doka ba abin wasa ba ce, kuma wasan da aka yi wa mutum bai sani ba ya tashi daga wasa. Gaskiyar da kika faɗa ita ta wanke ni yau."

Auta ba ta sake irin wannan wasa ba. Shi kuwa Kaka, har yau in zai yi barcin rana sai ya cusa hannuwansa a aljihu.