'Yar Mai Ƙudiri, Matar Mai Yajin Aiki

Auta tana tsaye a falo tana goge farar rigarta ta aikin jinya, rediyo na kan tebur, sai ta ji muryar mahaifinta ta cika ɗakin. Ta ɗaga dutsen guga ta yi kasaƙe.

"Ma'aikacin gwamnati ɗan aiken jama'a ne," in ji muryar. "Ba zai yiwu duk abin da gwamnati za ta yi sai ta zauna ciniki da ƙungiya ba. Ƙudirin da na kawo majalisa shi zai kashe wannan tsarin."

Mijinta, wanda kowa ke kira Malam, ya ajiye kofin shayinsa a hankali. Lissafi yake koyarwa a sakandaren gwamnati, kuma shi ne shugaban ƙungiyar malamai. Shekararsu biyu da aure, bai taɓa faɗin magana marar daɗi a kan surukinsa ba.

"Baba ya iya magana," ya ce.

"Faɗi abin da ke ranka dai, Malam."

"Abin da ke raina? Ɗalibai casa'in da uku ne a ajina. Bara da aka tashi yi wa malamai canjin wurin aiki ba tare da sanarwa ba, har da mai ciki wata takwas, zaman da muka yi da ma'aikatar ilimi ne ya hana. In wannan doka ta wuce, babu zama, babu tebur. Takarda kawai za a liƙa a allo, ka karanta ka ce to."

"Mu ma ai ta shafe mu. Ni kaɗai ce na kula da gado talatin a asibiti jiya."

Ya jawo baƙar jakarsa ya zuge ta. A ciki akwai jerin sunayen malamai ɗari huɗu da suka sa hannu cewa za su shiga yajin aiki. Daga shi sai mataimakinsa suka san yadda aka tsara jerin.

"Ki yi mini addu'a, 'yar Honarabul," ya ce yana murmushi.

Ta harare shi. "Ka sake kirana haka, ka goge rigarka da kanka gobe."

Da ta tashi daga aiki, Mama ta kira ta a waya ta ce ta biyo ta gida. Ta tarar Baba bai dawo ba, sai Mama da Yaya, babban wanta, wanda shi ke riƙe da ofishin Baba a majalisa. Tun daga yadda Yaya ya tura ƙofar falo ya rufe, ta sha jinin jikinta.

"Ba zan ja ki da nisa ba," ya ce. "Mijinki yana da wata takarda a jakarsa. Hoto kawai za ki ɗauka da wayarki ki turo mini. Minti ɗaya ne."

Auta ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Yaya, ni kake cewa in yi wa mijina sata?"

"Wa ya ce sata? Mutuncin ubanki ne ke shirin zubewa. In yajin nan ya yi nasara, an gama da Baba a siyasa."

"In na turo kuma, me za a yi wa masu sunayen?"

Ya kawar da kai. "Wannan ba matsalarki ba ce."

"Matsalata ce mana. Na san su. A falona suke mitin, ni nake kai musu ruwa. Akwai wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar. So kake in miƙa ta da hannuna a kore ta?"

Mama ta fara share hawaye da gefen mayafi. "Haba Auta. Tun da aka fara maganar nan ubanku ba ya barci. Jininsa ya hau. Miji fa ana sake wani, amma uba..."

"Mama, don Allah kar ki ƙarasa." Auta ta katse ta. "Ku kuka aurar da ni gare shi. Ku kuka ce in riƙe amanarsa. Yau kuma don ya tsaya inda Baba bai so ba, amanar ta tashi aiki?"

"Lallai an zuga ki," Yaya ya ce. "Kin zama 'yar yuniyon."

"Da ma ni 'yar ƙungiya ce. Katina na cikin jakata."

Ta ɗauki jakarta ta fita. A hanya ta yi niyyar gaya wa Malam komai. Amma da ta shiga ta gan shi yana gyara takardun jarrabawa, sai kunya ta rufe ta. Ta yaya za ta buɗe baki ta ce gidansu ne aka nemi ta yi haka? Ta haɗiye maganar. Wannan shirun shi ne kuskurenta, kuma ta ɗanɗana kuɗarta.

Kwana tara bayan nan, kafin ma a fara yajin, takardun dakatarwa suka sauka a makarantu. Mutum sittin na farko a jerin Malam, ɗaya bayan ɗaya, yadda aka rubuta su, har da kuskuren harafi a sunan mutum na bakwai. Malam kansa yana ciki.

Ya dawo da yamma bai taɓa abinci ba. Ba a jima ba mahaifiyarsa, Inna, ta iso, ko zama ba ta yi ba.

"Gari duk ya ɗauka," ta ce, idonta a kan Auta. "Wai takarda daga cikin gidan nan ta fita. Ni da ma na faɗa tun farko, 'yar manyan mutane sai manyan mutane."

"Inna, ki bar ni in tambaye ta da kaina." Ya juyo. "Auta, ki dube ni. Akwai wanda ya taɓa yi miki maganar takardar nan?"

Da ta ce a'a, da ta huta a ranar. Amma ba ta iya ƙarya ba.

"Yaya ya nemi in ɗauko masa. Na ƙi."

"Yaushe?"

"Sati ɗaya da kwana biyu."

"Kwana tara." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Kwana tara muna cin abinci a faranti ɗaya, jakar na rataye a nan, ba ki ce mini komai ba."

"Kunya na ji, Malam. Wallahi ban taɓa ta ba."

Bai ce ta yi ƙarya ba. Bai kuma ce ya yarda ba. Ya tashi ya cire jakar daga inda take rataye, ya sa ta a durowa, ya murza makulli, ya jefa a aljihu. Auta ta ji ƙarar makullin nan har tsakiyar kanta. Da marinta ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Ki tattara ki tafi gidanku mana," Inna ta ce. "Ai kin gama musu aiki."

"Ba inda za ni, Inna. Ban yi laifin da zan gudu ba."

Haka ta zauna wata guda cur. Malam yana amsa gaisuwarta, yana cin abin da ta dafa, amma in waya ta shigo sai ya fita waje ya amsa. Mitin ya bar falonsu. A asibiti, in ta shiga ɗakin hutu sai hira ta mutu. Wata abokiyar aikinta, wadda suka yi makaranta tare, ta ce mata a gaban kowa, "Ki bari mu gama magana tukun, kar ta isa majalisa kafin mu." A gidansu kuma Mama ta daina ɗaga wayarta. Can an ce ta zaɓi miji, nan an ce ta zaɓi uba. Sau da yawa takan shiga ɗakin ajiye magani ta rufe ƙofa ta yi kukanta, ta wanke fuska ta koma kan marasa lafiya.

Sai majalisa ta sa ranar sauraron ra'ayin jama'a a kan ƙudirin, Baba ne shugaban zaman. Auta ta rubuta sunanta a cikin masu magana ba tare da ta shawarci kowa ba.

Zauren ya cika maƙil. Da aka kira ta, ta fito cikin farar rigarta, mutane suka fara ƙus-ƙus. Malam na zaune a layin baya. Baba ya cire tabarau ya dube ta, ya mayar.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ni ma'aikaciyar jinya ce. Shekara uku da suka wuce, ana sa mu aikin awa goma sha shida a jere. Wata rana wata 'yar'uwarmu, saboda gajiya, ta kusa ɗura wa yaro maganin babba. Allah ya sa ta lura. Mun kai ƙara ofis sau huɗu, kowace takarda ta shiga fayil ta kwanta. Sai da ƙungiya ta zauna da hukuma ido da ido aka rage awannin. An ce mu 'yan aiken jama'a ne. Gaskiya ne. Amma ɗan aike shi ya san inda hanya ta lalace. In kun hana shi magana, jama'ar da kuke karewa su za su faɗa ramin. Sannan ga mutum sittin a gida, ba su fasa aji ko na rana ɗaya ba, laifinsu kawai sun sa hannu a takarda. Doka ba ta wuce ba tukuna an yi haka. In ta wuce, me za a yi?"

Zauren ya ɗauki tafi. Baba ya buga tebur, fuskarsa a ɗaure, ya ce a kira na gaba.

Bayan an tashi ya aika a kira ta ofishinsa. Yaya na tsaye gefen taga yana huci.

"A gaban duniya," Baba ya ce. "'Yar da na haifa."

"Ka gafarce ni, Baba. Ban zage ka ba, kuma ba zan taɓa yi ba. Abin da na gani da idona na faɗa."

"Ai da ma tun ranar da ta ƙi kawo takardar nan na san ta fita daga hannu," Yaya ya katse ta. "To ga shi ba ki kawo ba, mun samu. Mataimakin mijin naki da ƙafarsa ya kawo mana, kujera kawai ya nema a hukumar ilimi."

Baba ya juya a hankali.

"Wace takarda ka ce ta kawo?"

Yaya ya yi tsuru-tsuru.

"Kai nake tambaya. Ƙanwarka ka aika ta yi wa mijinta sata? Da sunana?" Ya miƙe tsaye. "An gaya mini ma'aikatar ilimi ce ta gano masu shirin barin aji. Ashe a ofishina aka yi cinikin. Ni ƙudiri na kawo, in kare shi da hujja, in ya faɗi ya faɗi. Ban aike ka ka raba auren 'yata ba. Ajiye makullin ofis ɗin nan ka fita."

Auta ba ta gaya wa Malam ba da ta koma gida. Wannan karon ba kunya ba ce. So take gaskiya ta zo masa da ƙafarta. Bayan kwana biyu kuwa rediyo ta sanar da naɗin mataimakinsa a hukumar ilimi, a ranar kuma Baba ya kira shi a waya ya faɗa masa komai.

Malam ya same ta a kicin tana wanke kwanuka. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Auta, na zalunce ki."

Ba ta juyo ba. "Ka zalunce ni."

"Ki yafe mini."

Ta kashe famfo. "Kai ne kake tsayawa gaban jama'a kana cewa kar a hukunta ma'aikaci sai an saurare shi. Ni ka saurare ni? Mutumin da ya sayar da ku kana fita waje kana amsa wayarsa, don kar ni in ji." Hawaye suka zubo mata. "Ni ma na yi kuskure da na ɓoye maka. Amma wata guda, Malam?"

"Ba ni da abin cewa."

"To kar ka ce komai. Na yafe. Amma ka je ka gaya wa Inna da bakinka, ka kuma faɗa a mitin ɗinku, a gaban waɗanda suka ci namana."

Ya yi duka biyun. Inna ta zo da kanta washegari, ta zauna tana ta kame-kame, daga ƙarshe ta kama hannun Auta ta ce, "Bakina ya yi sauri, 'yata."

Baba bai janye ƙudirinsa ba, don har yanzu yana ganin ƙungiyoyi sun yi ƙarfi da yawa. Amma shi ya tashi a majalisa ya nemi a mayar da mutum sittin ɗin bakin aikinsu, aka kuma mayar. Da aka zo ƙuri'a, an cire sashen da ya hana zama da ƙungiya, aka bar wanda ya ce sai an ba da sanarwar sati uku kafin yajin aiki. Babu ɓangaren da ya samu duk abin da yake so.

Wata ranar Asabar suka je gaishe da Baba. Mama ta rungume Auta tana kuka. Baba ya nuna wa Malam kujerar kusa da shi.

"Har yanzu ban yarda da ku ba," ya ce.

"Mu ma haka, Baba," Malam ya amsa da ladabi.

Baba ya yi dariya, ya dubi 'yarsa. "Ita wannan ta fi mu duka. An ja ta nan, an ja ta can, ba ta ci amanar kowa ba."

Saɓanin ra'ayi ba ya rusa gida. Abin da ke rusa shi shi ne a nemi ɗa ya ci amana don a ci nasara, ko a yanke wa masoyi hukunci kafin a ji ta bakinsa. Auta ta yi haƙuri a kan gaskiyarta lokacin da babu mai gaskata ta, shi ya sa yau take shiga gidan ubanta da na mijinta da kanta a sama.